Misalin Manomi da Motar da Ta Ƙi Amsawa

Akwai wani mutum, manomin tumatir a bakin fadama, yana da wata tsohuwar mota da yake kai kayansa kasuwa da ita. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai da igiya take rufuwa, amma ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba.

Ya zama kuwa, daidai lokacin da tumatir ya nuna, sai motar ta kama ciwo. Ta tashi, ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi, da ta ga tudu sai ta mutu. Wanda ya san tumatir ya san ba ya jiran kowa. Yau ja ne, gobe ya yi laushi, jibi sai ƙuda. Kwandunan da aka riga aka tsinka suna jere a inuwa, na gona kuma suna ta nuna.

Mutumin ya yi abin da yawancinmu muke yi, wato ya hau magani bai san cuta ba. Ya canja filogi. Maƙwabcinsa ya ce gurɓataccen mai ne, ya tsiyaye tankin ya zuba sabo. Motar tana nan yadda take. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya lallaɓa ta, shi da matarsa, suka kai ta garejin wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, a cikin gari, sunansa Irmiya.

To, ga wanda bai sani ba, irin wannan mota tana da wani ɗan akwati a ɓoye, ana ce da shi ƙwaƙwalwar mota. Ita ce take auna man da inji zai sha, kuma duk abin da ya lalace tana riƙe da labarinsa. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket. In aka jona kwamfuta a wurin, sai ƙwaƙwalwar ta faɗi abin da yake damun motar.

Irmiya ya jona kwamfutarsa. Ta kawo wuta, ta yi ta nema, can ta ce babu amsa. Ya zare, ya busa soket ɗin, ya sāke jonawa. Shiru.

Manomin ya ce, "Ai na sani. Ƙwaƙwalwar ta mutu. Ciro ta a fasa a gani."

Masu zaman benci a gareji, waɗanda ba su da mota amma sun fi kowa sanin ciwonta, suka ce haka ne. Ɗaya ma ya ce a wanke cikinta da fetur.

Irmiya ya ce, "Baba, in na fasa ta ta lalace, babu irinta a garin nan. Kafin a aiko da wata, tumatirinka ya zama miya a gona. Bari in tambaye ka. Turo motar kuka yi?"

"Da ƙafarta ta zo, tana tari."

"To, gawa ba ta tari. Ƙwaƙwalwar tana da rai. Abin da nake so in sani shi ne, me ya hana maganarta isowa nan?"

Sai ya soma bi a hankali. Ya duba ko makulli a kunne yake, ya ga a kunne. Ya ciro fiyus ya ɗaga shi sama ya duba, bai ƙone ba. Ya kwance wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ya kankare tsatsa, ya mayar. Ya ce tsohuwar mota ba ta jin yaren sababbi, ya juya kwamfutar zuwa yaren tsofaffi. Duk da haka babu amsa.

Haƙurin manomin ya ƙare. Ya ɗauki wani ƙarfe, ya ce shi da kansa zai ɓalle akwatin.

Matarsa ta ce, "Baban Habila, ajiye ƙarfen nan. Tunda na zo gidanka ban ga abin da ka fasa ya gyaru ba."

Irmiya kuwa ya kwanta rigingine, kansa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Ya riƙa bin wayoyin da suka fito daga bayan soket ɗin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya tsaya. Ya jawo wata siririyar waya, ga ta guntuwa, ba ta kai ko'ina ba.

Ya ce, "Ga wayar da magana take bi. An yanke ta. Kuma ba ɓera ba ne, ɓera ba ya yanka a miƙe haka. Wannan aikin reza ne."

Manomin ya ce, "Wane mugu ne zai yi mini haka?"

Matarsa ta dube shi, ta dubi wayar, sai dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Muguntar ba ta yi nisa ba, da rezata ma aka yi ta. Ka manta bara, muna dawowa daga kasuwa, hon ɗinka ya mutu? Ka ce namiji ba ya shiga cikin 'yan acaɓa ba hon. Ka sunkuya nan, ka ga soket ba a saka komai a ciki ba, ka ce masu ƙera mota ba su san tattali ba, ga waya zaune ba aikin fari bare na baƙi. Ka yanko ka ɗaura wa hon."

Mutumin ya ajiye ƙarfen. Can ya ce, "Ai hon ɗin ya yi aiki."

"Ya yi. Duk unguwa shaida ne."

"Kuma tun lokacin motar ba ta ce komai ba."

Irmiya ya ce, "Da wane baki za ta ce, Baba?"

Ya yanko sabuwar waya, ya haɗa inda aka yanke, ya naɗe da salatif. Yana jona kwamfuta, sai ga ƙwaƙwalwar ta amsa. Ashe wani ɗan abu ne mai auna zafin inji ya lalace, yana ta gaya mata injin da sanyi, ita kuma tana ta ɗura masa mai har ya shaƙe. Abin bai kai babban yatsa ba. Aka sa wani, motar ta tashi lafiya lau. Kashegari da sassafe manomin ya kai tumatirin da ya rage kasuwa, ya sayar. Kwandunan farko kuwa sun riga sun ruɓe a cikin kwanakin da ya yi yana lalube, sai aladu aka zuba wa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin yake nufi.

Ƙwaƙwalwar nan tana kwatanta muryar Ubangiji, wanda ya san ciwonmu tun kafin mu ji zafinsa. Wayar kuwa ita ce sauraro: ɗan lokacin nan da mutum zai zauna da Maganar Allah, ya rufe bakinsa, ya bari a yi masa magana.

Sau nawa wani ya tare ni bayan sujada, fuska a murtuke, ya ce, "Malam, Allah ya yi mini shiru." In na tambaye shi yaushe rabonsa da ya zauna ya saurara, sai ya hau susar ƙeya. Wani ya bar wannan ikilisiya ya koma waccan, ya bar waccan ya bi mai addu'a a kan dutse, kamar mai canja filogi. Wani kuma ya ɗauki ƙarfe, zai fasa bangaskiyarsa gaba ɗaya, wai babu kowa a can. Masu zaman benci kuma suna nan, suna ce masa haka ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin nan shi ne, mutumin bai yanke wayar da mugun nufi ba. Ya ga kamar ba ta aikin komai ne. Kuma ranar da ya yanke ta, motar ba ta tsaya ba. Nan ne haɗarin yake. Da a ce ranar da ka daina sauraron Ubangiji rufin ɗakinka zai faɗo, da babu wanda zai daina. Amma sai ka ga hatsi ya yi, yara lafiya, ka ce ashe ba komai. Ba za ka san ka yi yanka ba sai ranar da kake neman amsa da gaggawa.

Ku duba kuma inda ya kai wayar. Hon. Ba mu daina addu'a ba fa, kada wani ya ce na ce haka. Muna yi, har maƙwabta ba sa barci. Ba ni, kāre ni, ƙone maƙiyana, amin, mu tashi mu kakkaɓe gwiwa mu tafi. Wa ya tsaya ya ji amsa? In ɗanka ya shigo ya zazzage maka buƙatunsa, ya fice kafin ka buɗe baki, sa'an nan ya zaga gari yana cewa ubansa ba ya magana, me za ka ce da shi?

Ban ce duk shirun da mutum ya ji laifinsa ne ba. Akwai lokacin da Ubangiji yake sa bawansa jira, wannan maganar wata rana ce. Amma kafin ka yanke masa hukunci, ka sunkuya ka bi wayar daga naka gefen. Ka tambayi kanka me ka ɗauki lokacin nan ka ba. Waya ce ta hannu, ko hira ce, ko kuwa aikin ikilisiya ne ma da kansa? In ka rasa, tambayi matarka, ko mijinki. Sau da yawa na kusa da kai yana wurin ranar da ka yi yankan.

Ubangiji mai jinƙai ne, ana haɗawa yana amsawa, ba ya cewa sai ka biya shekarar da ka yi ba ka ji. Sai dai jinƙansa ba ya mai da ruɓaɓɓen tumatir ɗanye. Saboda haka kada ka bari sai kaka. Ka haɗa wayarka yau, tun motar tana tafiya.