Famfo Ya Yi Cida

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A wani gidan talabijin akwai mutum uku masu shirya wasan barkwanci duk Asabar: Lantana, da Barmo, da Tanimu. Shekara bakwai suna ba gari dariya, amma ba wanda aka ba takardar aiki a cikinsu, 'yan wucin gadi ne har yau. Rannan manaja ya kira su, ko kujera bai nuna musu ba, ya ce barkwancinsu ya yi lami. In makon nan ba su kawo abin da gari zai ɗauka ba, zai ba mai tallar maganin basir filinsu. Ku ji fa! Mutumin da ko ranar Sallah ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, wai shi ne alƙalin dariya.

Washegari Lantana ta iso wurin zamansu a makare, ranta a ɓace. "Ku yi haƙuri," in ji ta, "famfonmu ne tun asuba yake cida kamar hadari ya haɗu a cikin bututu, amma ko ɗigo." Ba wasa take yi ba. Wata goma sha ɗaya rabon unguwarsu da ruwa, ranar ma da ƙyar ta sami na wanke fuska.

Barmo, mai rubuta musu wasa, ya dire kofin shayinsa. "Cida kika ce, Lantana? Ai hasashen yanayi ke nan!" Nan take ya zana abin a bayan kwalin sukari: taswirar gari, sandar nuni, da mai gabatarwa da zai faɗi abin da ake sa ran famfon kowace unguwa zai yi gobe. Lantana ta bi gida-gida kwana biyu cikin rana tana tambayar mata. Famfon wasu fito yake yi, na wasu tari, na wasu gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Barmo ya karɓa ya jera, ya soke, ya sake jerawa, har magana ta zauna daram.

Tanimu kuwa shi ya tsaya gaban kyamara da aron kwat, ya ɗaure fuska tamau. "Gobe ana sa ran iska mai ƙarfi daga famfunan gabas. A yamma akwai yiwuwar ɗigo biyu, masu jarka su yi hattara." Da rubutu ya ƙare masa, mai ɗaukar hoto bai tsayar ba, sai Tanimu ya dubi kyamara ya ƙara nasa: "A dai riƙe bokiti." Ba a takarda take ba, amma ita gari ya ɗauka. 'Yan acaɓa suka rubuta ta a bayan babur, mata suka maishe ta sallamar rabuwa. Kunya ta kama masu kula da ruwa, kafin mako uku aka ga ma'aikata suna tonon bututu a unguwar su Lantana.

To, ga abin haushin. Manajan nan da ya kusa sayar da su ga mai maganin basir, yanzu "yarana" yake ce musu a gaban baƙi. Ya zaro takardar aiki ta dindindin, guda ɗaya tak, ya ce ta wanda ya ƙirƙiro wasan ce. Su kawo masa suna ran Juma'a, in sun kasa akwai ɗan ƙanwarsa da ke zaman jira. Wannan ba kyauta ba ce, haɗa faɗa ne, kuma ya sani.

Lantana ta fito ta zauna a kan benci. Tana son takardar nan, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ga Barmo a damanta, ga Tanimu a hagunta, mutanen da ta shekara bakwai tana cin kwano ɗaya da su, yau ba mai iya duban idon wani.

Ba don bakin Lantana da ƙafarta ba, da ba abin rubutawa. Ba don kunnen Barmo ba, da maganar ta wuce a matsayin mitar mace mai neman ruwa. Ba don Tanimu ba, da tana nan kwance a bayan kwalin sukari.

Juma'a jibi ce. To, sunan wa za a kai wa manaja?