Fuskar Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, ana ce masa Sallau. Ba can zamanin kakanni ba, jama'a, wannan zamanin namu ne na kwamfuta. Ɗan shago gare shi a bayan kasuwa. Tsohon hoto in ya yage, ko ruwa ya ci shi, ko gara ta lashe gefensa, Sallau ake kai wa. Ya ɗauke shi ya sa a kwamfuta, ya yi ta binsa tabo tabo har ya dawo kamar jiya aka ɗauka. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne. Bawan Allah ne kawai mai tsoron ƙarya.

Ku matso ku ji. Ran nan wata Hajiya Larai ta zo masa da hoto ƙunshe cikin ɗankwali. Ta ce, "Malam, wannan yayana ne, Tanimu. Ruwa ya tafi da shi yana saurayi, ko gawarsa ba a gani ba. Hotonsa ke nan guda a duniya. Innarmu ganinta na tafiya, likita ya ce ba ya dawowa. Kullum maganarta, ta ga fuskarsa kafin duhu ya rufe."

Sallau ya buɗe. Yoyon ɗaki ya jiƙa hoton, ya bushe, ya tsattsage. Fuskar duk layi ne, kamar ƙasan tafki da rani.

To, akwai wata dabara a kwamfutar, in ka danna ita za ta share duk wani tabo da kanta. Sallau ya danna. Kafin ya ɗauke hannu sai ga fuska ta fito, sumul, kyakkyawa, ido tar a kansa. Hajiya ta ce, "Masha Allah! Wanke mini shi haka."

Sallau ya dubi tsohon hoton, ya dubi sabon, ya ce, "Hajiya, gidanku ana tsage?"

Ta ce, "Da ana yi. Kafin a haife ni aka bari."

Ya ce, "Shi yana da shi?"

Ta ce, "Ina jin yana da shi. Ina goye ya rasu, ina zan sani?"

Kun ga inda matsalar take? Na'ura ba ta san askar wanzami ba. A wurinta tsagen gado da tsagewar takarda duk datti ne, ta haɗa ta share. Shi ma Sallau ya ƙura ido har ido ya yi ruwa, ya kasa rabe wanne na wanzami, wanne na yoyo.

Hajiya ta ce, "Haba Malam, tsohuwar nan da kyar take gane ni. Ka ba ta wannan ta ji sanyi. Wa zai sani?"

Wallahi da ni ne a kujerar nan, ban san abin da zan yi ba, kuma ku ma kada ku yi mini kallon waliyyai. Tausayi ne fa ke roƙonsa ya yi ƙarya. Sallau dai ya ce ta ba shi zuwa gobe.

Tana fita aka ɗauke wuta. Da rana tsaka ne, kasuwa na ci. Fanka ta tsaya, komai ya mutu, amma an ce fuskar nan ba ta bar gilashin kwamfutar ba. Tana nan tana kallonsa. Ni ban gani ba, haka aka faɗa mini, Allah ne masani. Sallau ya yi ta'awwuzi, ya ce a ransa, wannan wane ne? Babu uwar da ta haife shi, ba a raɗa masa suna ba, ba shi da kabari, amma yana jira a kai shi ɗakin Inna ya zauna a gurbin ɗanta.

Washegari ya ce wa Hajiya, "Ba zan iya ba. Kawo mini Inna."

Ta yi fushi, amma ta kawo ta. Inna Delu, tsohuwa tukuf, ana jan hannunta. Sallau ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, na gyara riga, na gyara hula. Fuska ta gagare ni. Wadda na'ura ta kawo ba ta ɗanki ba ce."

Ta ce, "Nuna mini ita."

Ta kai ido dab da gilashi, ta daɗe. Sai ta ɗago. Ta ce, "Ɗan nan, da ka ba ni wannan da na karɓa. Fuskarsa ta daɗe da ɓace mini, kunya ta hana ni faɗa. Da da wannan zan makance, da shi zan mutu, in tashi ranar alƙiyama ina neman baƙo, ɗana na tsaye kusa da ni."

Sai ta ce, "Miƙo fuskarka."

Ya miƙa. Ta ɗora masa yatsa mai sanyi a kunci, ta ja a hankali daga gindin hanci zuwa ƙasa. Ta koma gefen ido ta ja gajeru. Ta ce, "Ni na share masa jinin ranar suna. Ido ya manta, hannu bai manta ba."

Duk inda ta ja, Sallau ya duba tsohon hoton ya tarar da layin yana nan a cikin tsagewar. Ya bar waɗannan, ya share sauran da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama Inna ta sake matsawa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tanimu, ka daɗe."

Kafin damina ta fita ganinta ya tafi.

To jama'a, gaskiya ko ta zo da tabo, ta fi ƙarya mai santsi, kuma "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Ku da kuke gyara labari don mai ji ya ji daɗi, ku da ake tambayarku halin mai neman aure ku shafe masa tabo, ku da kuke ba da shaida a kan abin da kuka cike da zato, duk baƙo kuke kaiwa gidan mutane. Su da shi za su zauna, ku kuma za a tambaye ku wanda ya shigo da shi. Allah ya sa mu fi ƙarfin harsunanmu.