Jaɓa da Tukunyar Kamfanin Dorina

Ga wata nan tafe gare ku, ku matso kusa.

A bakin wani kogi an yi wata jaɓa mai suna Kyallu. Ba ta noma, ba ta saƙa, ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, amma cikinta kullum a buɗe yake kamar bakin rijiya. Ga ta da wari, in ta gifta ƙofar gidanka sai ka yi wa yaranka faɗa a banza.

Wata shekara sai ga kamfanin wata Dorina ya zo daga ƙetaren kogi. Suka kafa manyan tukwane suna dafa dunƙulen miya, ƙamshi ya cika gari. Kyallu ta yi ta zagaya katanga tana haɗiyar yawu har wuyanta ya yi ciwo. Can dabara ta faɗo mata.

Ta shiga ta tsaya gaban Dorina, tsawonta bai kai farcen ƙafar Dorina ba, ta ce, "Baƙuwa, kin san gaban wa kike? Ni ce Kyallu jikar mai daddawa. Wannan ƙamshin na gidanmu ne, sirrin kakata kuka sace."

Dorina ta ce to a faɗa mata sirrin, in nasu ya yi kama da shi sai su daina. Kyallu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai haka ɓarayi suke so, a faɗa musu su ƙarasa kwashewa. Sai dai ta ɗanɗana kowace tukunya da kanta ta ji ko yana ciki. Dorina ba ta son rigima a garin mutane, ta sa aka ba ta ludayi. Kyallu ta bi tukwane tana sha tana girgiza kai, wai ba ta tabbatar ba tukuna. Da ta tashi tafiya sai mirgina ta aka yi, don ƙafafunta sun daina taɓa ƙasa.

Da gari ya waye ta dawo, washegari ma haka. Dorina ta ga miya na raguwa, bincike ya ƙi ƙarewa, sai ta kai ƙara gaban alƙali, wani Toron Giwa mai son ci da gyangyaɗi. Alƙali ya nemi shaida. Kyallu ta ce bari ta kira kakar. Ta zagaya bayan kotu ta yi birgima cikin toka, ta dogara tsinken tsintsiya, ta shigo tana tari. Ta rantse ita ta fara wannan girki tun kogin yana ɗan kududdufi.

Alƙali ya miƙa hanci ya shinshina, ya ce abin mamaki, warin tsohuwa da na jikarta iri ɗaya. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ai shi ne gadon." Ya tambayi ina jikar, ta ce kunya ta hana ta zama inda kakarta ke magana. Wannan tarbiyya ta burge alƙali ƙwarai. Nan take ya yanke hukunci: girkin babbar tukunya haƙƙin mallakar Kyallu ne, kuma duk dunƙulen da ya fito daga ciki a manna masa hoton fuskarta.

A ranar nan Kyallu ta hau gefen tukunya tana yi wa kanta kirari: "Ni ce ƙarama mai juya manya! Ban hura wuta ba, na riga kowa lasa!" Garin rawa ta zame ta faɗa ciki tsundum. Allah ya so miyar ta huce. Ta yi iyonta, ta sha, ta lallaɓa ta fito ba ta gaya wa kowa ba. Ma'aikata suka dunƙula, suka manna hotonta, suka kai kasuwa.

Da gari ya waye babu wanda ya je gona. Duk wanda ka gani sauri yake ya nufi bayan gari riƙe da ciki. Alƙali ya fi kowa shan wuya, don kwando guda ya sa aka juye masa a miya, kuma gudawar giwa ba abar kwatantawa ba ce ga wanda bai ci abinci ba tukuna. Ya iso kamfani, jama'a na biye, ya ce a fito masa da mai wannan girki.

Dorina ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, dafawa kawai muke yi. Mai sirrin ga hotonta nan, kai ka tabbatar mata da shi."

Kyallu na tsaye da ludayinta. Ta ce ai girkin na kakarta ne, bari ta kira ta. Alƙali ya ce kada ta wahala. Ya tsoma hanci a tukunya ya shinshina, ya juyo ya shinshina Kyallu, ya ji warin iri ɗaya ne. Sai ya sure ta, ya wulwula, ya jefa. Ta bugu da katanga, ta faɗo kan murhu, ta tashi da ƙonanniyar wutsiya, jama'a suka bi ta da muciya da ludaya.

Da ƙyar ta faɗa wani rami. Ta leƙo da kumburarren ido ta ce, "Butulai kawai. Maganin wankin ciki na ƙirƙiro muku, kuma duk wanda ya sha bai nemi izinina ba. Sai mun haɗu a kotu!"

Aka wurgo muciya, ta maƙe kai.

Ƙurunƙus. Kan jaɓa ne, wanda ya tsinta ya toshe hanci.