Ranar da Gwaggo Larai Ta Cuɗe Kofunan Ƙarau

Akwai wani bafatake a Dutse ana ce masa Gwadabe, a zamanin da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar nan ba. Dabino da fatu yake kaiwa Kano. Wasu in sun ci riba shanu suke saya, shi kuwa sai ya bi gidajen Larabawan birni yana sayen tsofaffin kofunan ƙarau, irin waɗanda aka ƙetaro sahara da su tun zamanin kakanni.

Kofuna ne na gani na faɗa. Wani an zana masa ganyen inabi da ruwan zinare, wani furanni ja da shuɗi, wani tsuntsu a kan reshe kamar ka taɓa shi ya tashi. Ɗaki guda ya ware musu, makullin a wuyansa. Ko matarsa Mu'minatu ba ta isa ta leƙa ba.

A gidan akwai Gwaggo Larai, yayar mahaifinsa. Ita ta goya shi bayan uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa, ta baro garinsu Buji saboda shi. Yanzu ta tsufa, ido ya yi rauni, amma ba ta iya zama hannu sake.

Wata rana Zailani, tafintan wani Bature mai rangadi, ya aiko cewa maigidansa ya ji labarin kofunan, gobe zai zo ya gani. Kan Gwadabe ya kumbura. Ya buɗe ɗakin don ya sha iska, ya ce a gyara gida, ya fita nemo darduma.

To kun san al'adar iyayenmu. In babban baƙo zai zo, duk wani kwano da tasa sai an cuɗe shi da toka da yashi har ya yi ƙyalli. Gwaggo ta shiga ɗakin, ta shafa kofunan ta ji ƙura, ta ce ai ba za a kunyata mata ɗa a gaban baƙo ba. Ta kwashe jeren ƙasa, wanda hannunta ya kai.

Gwadabe ya dawo ya same ta a gindin rijiya, hannu duk toka, tana murmushi.

"Zo ka gani, ɗan nan. Wani datti ne mai taurin kai a jikinsu, da ƙyar ya fita."

Ya ɗauki ɗaya. Babu ganye, babu fure, babu tsuntsu. Kofin ya yi dishi-dishi kamar idon mai yana.

"Larai!"

Wallahi ko yanzu da nake rubutawa sai da gabana ya faɗi.

Tsohuwar ta ɗago kai. "Ni ka kira haka?"

"Ke fa! Wa ya aike ki? Kofi ɗaya a nan ya fi ki daraja. Kina cin tuwona a banza, ga sakayyar."

Mu'minatu ta durƙusa tana kuka. "Maigida, ka dubi girman Allah. A bayanta ka girma."

"Ke ma in kina so ki bi ta, ƙofa a buɗe take."

Da kansa ya shiga ɗakin tsohuwar, ya ɗaure tsummokaranta ya jefa waje. Bazara ce, rana tsaka, ƙasa kamar garwashi.

Gwaggo ta ce a hankali, "To ka bari rana ta yi sanyi."

"Baƙona ba zai tarar da ke a gidan nan ba."

Haka ta fita, ko tokar hannunta ba ta wanke ba. Ta bi bayan wasu masu jakuna da suka nufi Buji.

Washegari Bature ya zo da 'yan sanda. Ya riƙa ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya yana duba su a hasken rana, yana gyaɗa kai. Gwadabe baki har kunne.

Zailani ya matso kusa da shi. "Ya yaba fa."

"Na gode, na gode."

"Na gode kawai? Kai ba ka san abin da babba ya yaba ba ya kwana a gidan talaka ba? Ko so kake a ce ka raina shi?"

Gwadabe ya dubi 'yan sandan da ke tsaye a ƙofar zaure. Ya ce, "Kyauta ce, ranka ya daɗe."

Yana kallo aka jera su a akwati, ana cusa audugar rimi a tsakani. Waɗanda Gwaggo ta cuɗe kuwa, Baturen ya sa bakin sandarsa ya ture su gefe. Su kaɗai aka bar masa.

Ya rasa wanda zai kai wa kukansa, don mai rarrashinsa tun yana zanen goyo shi ya kore ta. Girman kai ya riƙe shi har damina ta sauka. Sannan ya ɗauki turmin zane da goro ya nufi Buji.

Fatsuma, maƙwabciyar da ta ba Gwaggo masauki, ita ta fito. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne Gwadaben? Ka makara. Ta iso mana ƙafa duk ta saɓule, zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta ƙara tashi ba."

Ya zauna a ƙasa. Da ƙyar ya ce, "Ta yi min baki?"

"Ina ma ta yi, da mun huce. Har ta cika ba ta daina tambaya ba: ko baƙon ɗana ya sha ruwa? Ko kofunan sun fita sosai?"

Ya miƙa mata zanen. Ba ta karɓa ba.

"Likkafaninta mu muka haɗa. Koma da abinka ka lulluɓe kofunan, kada su yi ƙura."

Ta shige gida ta bar shi a nan.

Darasi: Kayan duniya ƙarau ne, in bai fashe ba wani zai ɗauke. Amma wanda ya raine ka, in ka kore shi ba a sayo wani a kasuwa. Tsofaffinmu za su yi kuskure, ido ya tafi, hannu na rawa, mu yi musu haƙuri tun suna da rai. Don Allah ku tura wa 'ya'yanku da 'yan uwa su karanta, ni dai abin da nake gani a gidajenmu yanzu yana ba ni tsoro. Allah Ya shirya mana zuri'a.