Manomin da Bai San Hanyar Gonarsa Ba

Akwai wani manomi da ya yi aure a wani gari mai nisa da nasu, ya zauna a can. Surukinsa ya ba shi gona a hayin rafi, ya haɗa masa da wani tsohon jaki, ya ce, "Ɗana, hanyar tana da wuyar ganewa, amma jakin nan ya san ta. Zai taimake ka."

Haka kuwa aka yi. Kowace safiya manomin ya hau jaki, ya ja malafarsa ya rufe fuska, ya yi ta gyangyaɗi. Ba ya farkawa sai jakin ya tsaya a bakin gona. Da yamma ma haka. Ya yi shuka, ya yi noma, Ubangiji ya ba da ruwa, dawarsa ta yi kyau har zangarniya tana rusunawa. Ransa ya yi fari ƙwarai.

Da kaka ta yi, tsuntsayen jan-baki suka fara sauka a gonaki, sai ya kira gayya domin a yanke dawar kafin tsuntsayen su cinye. Ranar gayya maƙwabta suka taru da laujensu, matarsa ta dama kunu, makaɗi ya rataya ganga. Amma da manomin ya je kwance jakin, sai ya tarar ya taka ƙaya, yana ɗingishi. Ya ce a ransa, "Ai gonata ce." Ya bar jakin a turke, ya shiga gaba.

Suka tafi da waƙa har suka kai mararraba. Nan ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu, bai ga abin da ya sani ba. Ganga ta yi shiru.

Wani dattijo ya ce, "Ina muka nufa, mai gona?"

Manomin ya ce, "Baba, ban sani ba. Jakina ne ya sani."

Mutane suka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Shi ma da kunya ta sake shi, ya taya su. Aka koma aka jawo jakin, dukan gayya ta bi bayansa, yana ɗingishi suna jira, makaɗi yana kaɗa masa ganga a hankali. Sai da rana ta take suka isa. Tsuntsaye sun riga sun cinye gefe guda, amma aka yanke sauran, aka ɗaure dammuna, aka gode wa Allah.

Da jakin ya warke, manomin bai yashe shi ba. Yana tafiya a gefensa ido buɗe, yana lura: ga tsamiya, ga suri, ga inda ake ƙetare rafi. Wata rana jakin ya hango harawa a gonar wani, ya karkata. Manomin ya ja igiya ya ce, "A'a, abokina, ba nan ba ce." Ya yi murna da ya ji maganar ta fito daga bakinsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'ya'yana. Gonar ita ce ilimin da iyayenku suka aike ku makaranta ku nema. Jakin kuwa ƙirƙirarriyar basirar nan ce da ke cikin wayoyinku, wadda kuke tambaya ta amsa. Ba mugun abu ba ne, kyauta ce, sai mu gode wa Allah da ya ba mutum hikimar ƙera ta. Amma wanda ya miƙa mata aikin gida, ya kwafe amsa bai karanta ba, shi ne mai gyangyaɗi. Ranar gayyarsa tana zuwa, ko a ɗakin jarrabawa, ko ranar da ƙanwarsa za ta ce, "Yaya, koya mini lissafin nan."

Saboda haka ku yi tafiya a gefenta. Ku ce mata, "Bayyana mini dalili," sa'an nan ku rufe wayar ku gwada da kanku. Takan yi kuskure kuma, wanda ya san hanya ne kaɗai zai ja igiya. Allah ya ba kowannenku hankali, yana kuma jin daɗi sa'ad da ya ga kuna aiki da shi.