Riƙon Ramlatu

Ku gyara zama ku ji wata shari'a da ta raba kan wani ƙauye na bakin kogi.

Sallau mai gyaran injin ban-ruwa ya saki matarsa Zinatu, 'yarsu Ramlatu tana da shekara biyu. A gaban alƙali aka gaya wa Zinatu cewa a shari'a riƙo nata ne, aka tambaye ta ko tana son 'yarta. To, Ramlatu 'yar fari ce, a gidan su Zinatu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta ce tana son sa a gaban surukai. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ai tasu ce." Magatakarda ya rubuta ta yafe. Ta koma gida tana jiran a maido mata 'ya, don a ganinta kowa ya san kara ta yi. Shiru. Sallau ya miƙa yarinyar ga yayarsa Lantana, ya tafi Kudu neman aiki. Da Zinatu ta gaji da jira, ta yi wani aure.

Ramlatu na da shekara bakwai, da damina, zazzaɓi ya kwantar da ita har idanunta suka yi fari fat. Kogi ya cika, masu kwalekwale suka ƙi ƙetarawa. Lantana ta goya ta, ta kwance kwalekwalen wani, ta tuƙa da kanta har gaɓar da asibiti yake.

Likita ya ce sai an ƙara jini. Aka gwada na mutum shida, bai dace ba. Zinatu ta ji labari, ta zo da jariri a baya. Aka ce mai shayarwa ba ta ba da jini, ta zauna a ƙasa ta ce ba ta tashi sai an ɗiba. Nata ne ya dace.

Ana shirin yi wa Ramlatu allura sai Iya Gambo, mahaifiyar Zinatu, ta riƙe hannun nas. Ta ce a gaya mata sunan maganin, domin akwai wanda jininsu ba ya so, shi ya kashe mata ɗa. Aka duba, ashe shi ne a sirinjin.

Yarinya ta warke, matan uku suka hallara gaban alƙali, kowacce na neman riƙonta. Ya buɗe littafi ya rufe, ya sake buɗewa. Uwa ce kan gaba, amma ta yi aure, ga takarda ta ce ta yafe, ita kuma ta rantse ba ta taɓa yafewa ba. Bayan uwa sai kaka ta wajen uwa, amma Iya Gambo idonta ya fara mutuwa, Ramlatu kuma sau uku ta taɓa ganin ta. Gwaggo tana can baya a jeri, amma ita ta san abin da yarinyar ke ci da abin da ke firgita ta.

Da kai ya ɗaure, alƙali ya kira Ramlatu ya ce, "'Yata, wa kike so ki bi?" Ta riƙe zanen Lantana, ta ƙura wa Zinatu ido, ta ce, "Inna, wannan matar da take ta kallona tana kuka, wace ce?"

To jama'a, a hannun wa za a sa Ramlatu?