Abin da Aka Tarar a Cikin Gadar Jatau

An ce wai a wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani sarki mai suna Barau, mutum mai jinkirin magana, har fadawansa kan ɗauka bai ji ba alhali kuwa ya ji sarai. Kogi ne ya raba garin da gonakinsa, abin da ya haɗa su kuwa gada ce ta baƙin dutse mai ƙofofin ruwa uku, wadda kakansa Jatau ya gina. Duwatsunta a sassaƙe suke, an jera su ba inda za ka zura ko tsinke, shekaru kuma sun goge su har suna sheƙi. Mutanen garin ba su da abin nuna wa baƙo da ya wuce ta. Sarki Barau yana son gadar nan ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai dai Jatau don jakuna ya yi ta, zamani kuwa ya zo da amalanken shanu. In biyu suka haɗu a tsakiya dole ɗaya ta koma da baya, kuma ba a taɓa samun mai amalanken da ya yarda shi ne zai koma ba. Wata kaka, ana cikin irin wannan gardama, amalanke ta ture gefen gadar ta faɗa ruwa da shanu biyu da dawar gida guda. Mai ita ya tsira da karaya a ƙafa. Daga ranar kowa ya san ba makawa sai an faɗaɗa gada.

Da aka zauna a fada, Galadima ya fara magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gadar nan mutuncin garin nan ce. A kirawo masassaƙa dutse daga nesa, a ƙara mata faɗi da sassaƙaƙƙen dutse ciki da waje, kamar yadda Jatau ya yi. Kowane manomi ya ba da dami ɗaya cikin biyar har shekara uku, aiki ya yi kyau." Galadima dai bai taɓa ɗaure dami da hannunsa ba, shi ya sa biyar da ɗaya suka zo masa da sauƙi a baki.

Ma'aji Nomau ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, talaka ba ya cin kyan dutse. A rushe gefunan biyu, a shimfiɗa azara, a yaɓe da ƙasa. Wata ɗaya an gama." Shi kuma irin mutanen nan ne da in sun ga inuwar kuka sai su fara tunanin itacen girki.

Sarki ya auna shawarwarin biyu. In ya bi Galadima, rumbunan talakawa za su ƙare kafin damina ta kai tsakiya. In ya bi Ma'aji, shi ne jikan da ya ɓata gadar kakansa da hannunsa. Can ya dubi dattijo Mato, Sarkin Magina, ya ce, "Kai ka ga cikin gadar nan?"

Mato ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ubana bai ga gininta ba. Bayanta kawai muka sani."

Sarki ya ce, "To gobe da hantsi mu haɗu a can."

Washegari Sarki da fadawansa suka tsaya inda amalanke ta fasa. Sarki ya sa Mato ya zare duwatsu uku daga jikin gadar, Galadima na ta salati kamar ana tone kabari. Da aka zare na uku sai kowa ya leƙa. Sassaƙaƙƙen dutsen nan kaurinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Bayansa babu komai sai marmara da tsakuwa da duwatsun bakin kogi, an danƙare su tam, har da rabin dutsen niƙa da wata mata ta yar tun zamanin da.

Da farko kunya ta kama Sarki, kamar ya yaye wa kakansa riga a bainar jama'a. Ya daɗe yana duban dutsen niƙan nan. Daga baya kunyar ta sake shi, don ya gane Jatau ma ya taɓa tsayawa a inda shi yake tsaye yau, kuma bai yarda ya tatsi mutanensa ba.

Ya juyo ya ce, "Galadima, ka ce a yi yadda Jatau ya yi, kuma na karɓa. Ga yadda ya yi. Ma'aji, ka ce kada a taɓa rumbun talaka, kai ma na karɓa. Mato, ka sauke duwatsun gefen nan ɗaya bayan ɗaya, ka sa wa kowanne alama da shuni a bayansa, ka jera su a kan yashi yadda suke a jikin gada. A yi gayya da rani, a kwaso duwatsun kogi a ƙara faɗin. In an gama, ka mayar da kowane dutse kusa da maƙwabcinsa na da. Masassaƙi biyu kawai za a ɗauko, su yi gindin ginshiƙai da cikin ƙofofi, inda ruwa ke duka. A nan ban yarda a yi tsimin ko anini ba."

Haka aka yi. Kafin ruwan farko an gama, aka wanke gada, aka buɗe hanya. Galadima ya sauka bakin kogi, ya duba ta dama, ya duba ta hagu, yana neman inda sabo ya haɗu da tsoho, bai samu ba. Ya hauro ransa a ɓace ya ce, "Ranka ya daɗe, an cuce ka. Wannan ai ba wanda zai san ka yi aiki. Nan da shekara ashirin cewa za a yi duk Jatau ne ya gina."

Maganar ta taɓa Sarki, don shi ma ɗan Adam ne, yana son a tuna da shi. Ya tsaya yana kallon amalanke biyu, ɗaya daga gona ɗaya daga gari, har suka gifta juna a tsakiyar gada, masu su suka gaisa kowa ya wuce.

Ya ce, "Rumbun wa aka buɗe, Galadima?"

"Ba na kowa ba, ranka ya daɗe."

"To a bar wa Jatau sunansa."

Shi ya sa maginan garin suke gaya wa 'ya'yansu cewa kafin ka yi rantsuwa da aikin magabata, ka leƙa cikinsa tukuna. Kuma wanda ya gyara abin gado har ba a ga hannunsa ba, shi ne ya iya gyara.